Sawu a Gashin Zomo

Zomo dabba ce marar ƙorafi. Ko ciwo na cin sa, sai ya duƙunƙune a lungun keji yana motsa hanci kamar ba komai. Shi ya sa babu wanda ya farga a gonar Uwarɗaki sai ranar da Mai Taje, matar da ke taje wa zomayen gashi, ta buɗe rumfa da safe ta tarar da fiye da rabinsu a miƙe. Farin gashin nan nasu mai tsawo, wanda masaƙa ke rububinsa, ya kwanta cikin fitsari. Ihun da ta kurma ne ya tara unguwa.

Kafin hantsi an gama shari'a. Mutanen unguwar nan, in dai wajen yanke hukunci ne, ba su da na biyu. An ce guba ce, an ce Mai Almakashi ne, wato mutumin da aka ɗauka bara yana yi wa zomayen aski. Baƙo ne, ba ya zaman hira, kuma kowa ya ji cacar bakin da suka yi da Uwarɗaki makon jiya. Da aka afka ɗakinsa sai ga ƙunshin maganin ɓera a jakar kayan aikinsa. Aka kulle shi a ɗakin janareta, aka kira 'yan sanda, suka ce motarsu ta fita, sai wajen la'asar. In suka tafi da shi, tsohuwarsa makauniya da ke zaune tare da shi a ɗakin bayan rumfa ba ta da inda za ta dosa, don Uwarɗaki ta rantse ba za ta sake kwana a filinta ba.

Uwarɗakin ce da kanta ta aika a kira Duƙau, don a ƙara ɗaure mai laifi da hujja. Duƙau tsohon mai bin sawu ne na gandun daji. Sunan ya samo asali ne daga yadda yake tafiya, kai a ƙasa kullum, har ana cewa ya fi sanin mutanen unguwa da takalmansu.

Da ya iso ya ga yadda aka tattake filin, sai ya yi tsaki.

"Wa ya gayyato garken shanu?" in ji shi.

"Baba, bar wasa," in ji Uwarɗaki, idonta jawur. "Wahalar shekaru ce ta tafi a kwana ɗaya. Ka nuna min sawunsa kawai."

"Sawun wa?"

"Wanda muka kulle mana."

"Au, ashe kin riga kin sani. To ni me zan yi, in tafa?"

Wani dattijo da ke tsaye kusa da ita ya matso yana ɗingishi, damin mukullai na kaɗawa a ƙugunsa. Kawu ne, ƙanin mahaifiyarta, mai kula da sito tun ranar da aka kafa gonar. Duk inda ya bi, ƙarar mukullansa ke yi masa sallama.

"Malam Duƙau, ai abin a fili yake," in ji Kawu. "Ni tun farko hankalina bai kwanta da shi ba. Mutum ba ya kallon idon mutane?"

"Ni ma ba na kallo," in ji Duƙau. "Yaya jikanka?"

Fuskar Kawu ta washe nan take. Duk unguwa an san labarin: surukarsa ta yi jinya bayan haihuwa, nononta ya ƙafe, aka rayar da jaririn da nonon akuyar Kawu.

"Ka gan shi kuwa? Kumatu kamar an hura. Safe da yamma ana tatsar masa."

"Allah ya raya," in ji Duƙau, ya wuce rumfa.

* * *

A ciki ya sami likitar dabbobi, wata mata mai gilashi, ta shimfiɗa leda a kan teburin aski ta buɗe cikin zomanya ɗaya. Ba ta ɗago ba.

"Baba, zo ka gani. Hanta ta kumbura, ta yi fari-fari, ga ta tana marmashewa. Wannan ba aikin dare ɗaya ba ne."

"Maganin ɓera fa?"

"Ban ce a'a ba tukuna. Amma ni fumfuna nake zargi. In masara ta jiƙe ta yi fumfuna, akwai gubar da take bari a cikin ƙwayar. Sai dai na duba sito, buhunan duk lafiya lau. Kuma sai na kai ɗakin gwaji kafin in buɗe baki, wannan kuwa kwanaki ne."

"Waɗancan na waje ba su da kwanaki."

Duƙau ya bi layin kejin a hankali. Ya leƙa akwatunan haihuwa. 'Yan zomayen da ko ido ba su buɗe ba sun mutu a cikin sheƙarsu ta gashi, duk da cewa ba su taɓa sa baki a kwanon abinci ba. A can ƙarshen rumfa kuwa, cikin wani kwali, wasu 'yan marayu suna ta mutsu-mutsu.

"Waɗannan fa?"

Mai Taje ta share hawaye da bakin mayafi. "Uwarsu ta mutu wajen haihuwa. Ni nake ba su madarar gwangwani da sirinji."

Duƙau ya juya wajen likita. "Gubar nan taki, in ta shiga jiki, ta ina take fita? Duk abin da ya shiga daji yana da hanyar fita."

Sai a lokacin ta ɗago ta dube shi sosai. "Hanta ce ke tare ta, ta farfasa ta. Wani kaso ya bi ƙoda ya fita da fitsari, wani ya bi matsarmama ya fita da kashi. In kaɗan ce, jiki na iya share ta. In kullum ana ƙara ta, hantar ce ke gajiya. Mai shayarwa kuwa, wani kaso na bin nono."

"Zomo kuma yana maida kashinsa mai laushi baki. Na sha gani."

"Haka ne. Don haka ba mamaki wani abin da hanta ta kora ya sake dawo mata."

"A kore ka ta ƙofa ka dawo ta taga," in ji Duƙau. Bai yi dariya ba, ita ma ba ta yi ba.

* * *

Akwai wani da unguwa ta ɗan yi wa kallon gefen ido kafin a sami maganin ɓera, wato Mai Kaji, maƙwabcin gonar. Sun daɗe suna rigima da Uwarɗaki a kan magudanar ruwa. A jikin shingen da ya raba su Duƙau ya ga sawun takalmin roba, da waya a lanƙwashe kamar an tsallaka.

"Ni ne," in ji Mai Kaji tun kafin a tambaye shi. "Zakarana ya tsallaka, na bi shi. Laifi ne?"

"An ce ka taɓa cewa sai ka ga bayan zomayen nan."

"Na faɗa! Kai ma in warin fitsarinsu na shiga maka ɗaki za ka faɗi abin da ya fi haka. Amma baki daban, hannu daban."

Duƙau ya duƙa. Sawun ya shiga taku kaɗan, ya yi da'ira kamar na mai kokawa da iska, ya koma. Ga gashin zakara a maƙale a waya. Mutumin da ya zo kisa ba ya rawa a tsakar fili.

"Yaushe zakaran naka ya fara son gonar mutane?"

"Tun da aka shanya masara a daɓen bayan sito, cikin damina. Ya ɗanɗana ya ƙi mantawa."

"Wa ya shanya?"

"Ina zan sani? Ni masara na gani, ban ga mutum ba."

* * *

Ɗakin janareta yana da 'yar taga mai ƙarafa. Mai Almakashi na zaune a kan jarkar mai, leɓensa a fashe, don ba da lallami aka kai shi can ba.

"Me ya haɗa ka da Uwarɗaki?" in ji Duƙau.

"Gashi. Na ce mata gashin na tsinkewa a hannu, akwai abin da ke damun dabbobin nan. Ta ce hannuna ne ya yi nauyi, almakashina ya dakushe. Na ce ba a taɓa zagin almakashina ba. Murya ta ɗaga, shi ke nan."

"Maganin ɓera fa?"

"Ban taɓa saye ba. Ina da uwa makauniya mai laluben komai da hannu, zan ajiye guba a ɗaki?" Ya kama ƙarfen tagar. "Baba, don Allah, an ba ta ruwa? Tun safe nake tambaya, ba mai amsa mini."

Duƙau ya koma rumfa ya tsigi gashi daga bayan wata matacciyar zomanya, ya ɗaga shi a hasken ƙofa. Kowane zare yana da wuri guda da ya sirance, kamar igiyar da ɓera ya ɗan ciza. Ya ja, ya tsinke daidai nan. Ya gwada na wata, da na wata. Duk a wuri ɗaya, wajen faɗin yatsa biyu daga fata.

"Likita, gashi na tsiro da sauri haka a mako ɗaya?"

"Ina! Wannan ya haura wata."

"To ciwon ya girmi faɗan," in ji Duƙau.

* * *

Tsohuwar na zaune a bakin gado, an watsar da kayansu ko'ina. Tulun ruwa an kifar da shi wajen bincike, kuma a cikin duk masu kishin gaskiyar nan ba a sami wanda ya ɗaga shi ba. Abin ya ba Duƙau haushi ƙwarai. Ya ɗebo ruwa a famfo ya miƙa mata, ya jira ta sha.

"Inna, su wa suka shigo yau?"

"Da yawa, ɗan nan. Amma akwai na farko. Da aka yi ihu ɗana ya fita da gudu, can an jima sai na ji mutum ya shigo, ba sallama. Na ce wane ne, shiru. Ya taɓa jakar ɗana ya fita."

"Namiji ko mace?"

"Namiji, mai nauyin ƙafa ɗaya. Kuma yana tafiya a takure, kamar wanda ya danne wani abu a jikinsa kada ya yi ƙara."

"Wari fa?"

"Warin akuya."

"Inna, rabin unguwar nan warin akuya suke yi."

Ta yi murmushi, sannan murmushin ya gushe. "Za su tafi da shi?"

"Ba su zo ba tukuna," in ji Duƙau.

* * *

A sito buhunan sun yi layi, tsaf, kamar yadda likita ta faɗa. Amma Duƙau ba buhu ya zo kallo ba. A ƙasan kusurwa akwai tabon ruwa mai faɗi, da zanen gindin buhuna a cikinsa. Ya ɗaga kai, abin da ba kasafai yake yi ba, ya ga sabon kwano guda ɗaya a rufin, ƙusoshinsa na ƙyalli.

A bayan sito ga daɓen siminti. Ya sa tsinke a tsagin daɓen ya tono ƙwayoyin masara da suka maƙale, masu ƙura kore-kore. Daga gefe ga hanyar da ruwan wanki ya bi. Wani ya wanke masara mai fumfuna, ya shanya ta, ya niƙa ta cikin mai kyau. Daga daɓen kuma wata siririyar hanya ta bi ta ƙaramar ƙofar baya, ta nufi gidan da ke bayan gonar. A sawun da ke kanta, ƙafa ɗaya na nutsewa, ɗaya na ja. Hanyar ta ƙare a turken akuya, kuma a kwanon akuyar akwai ragowar tsakin masara mai irin ƙurar nan.

Duƙau ya daɗe a tsaye. Ya so a ce ya yi kuskure. Sannan ya dawo da sauri, ya ja Mai Taje gefe ya raɗa mata magana. Ta dafe ƙirji, ta fita ta ƙofar baya ba tare da kowa ya lura ba.

* * *

Da rana ta karkata ya sa aka tara kowa a gaban ɗakin janareta, don na ciki ma ya ji: Uwarɗaki, Kawu, Mai Kaji, likita, da 'yan unguwa waɗanda ba a gayyata ba amma ba su taɓa fashi ba.

"Uwarɗaki," in ji Duƙau, "kin ce in nuna miki sawu. Miƙo hannu."

Ya ɗora mata gashin, ya ce ta ja. Ya tsinke.

"Nan inda ya tsinke, nan ne ranar da ciwo ya shiga jikinsu. Gashin da ya tsiro bayan nan ya haura na wata guda. Faɗanku kuwa na makon jiya ne. Mutumin nan ba barazana ya yi miki ba, gargaɗi ya yi miki."

"To maganin ɓeran fa?" wani ya ɗaga murya daga baya.

"Ɗan zomon da bai buɗe ido ba, shi ma maganin ɓera ya ci? Sun mutu, marayun da ke shan madarar gwangwani suna nan da ransu. Likita, gaya musu."

Likita ta ce ba za ta rantse ba sai sakamakon gwaji ya fito, amma duk alamu na gubar fumfuna ne. Ta maimaita musu yadda hanta ke fama da ita, da hanyoyin da take fita.

Kawu ya gyara murya. "Amma likita, ko da a ce hatsi ya ɗan taɓu, in aka wanke shi tas, aka shanya a rana ya bushe ƙayau, ai shi ke nan. Haka muka taso muka ga ana yi."

"A'a, Kawu. Wanki na tafiya da abin da ido ke gani ne kawai. Gubar na cikin ƙwayar. Rana ba ta kashe ta, ko wuta ba ta cika kashe ta ba."

Babu wanda ya ambaci wanki kafin Kawu. Uwarɗaki ta juya tana kallonsa, amma Duƙau ya yi kamar bai ji ba. Ya sunkuyar da kai yana wasa da tsinke a ƙasa.

"Likita, ni jahili ne, ki yi min haƙuri. Wannan bin nono da kika ce, na zomo ne kaɗai?"

"Duk mai shayarwa. Saniya, tunkiya..."

"Har akuya?"

"Har akuya. Kuma ta fi illa ga ƙaramin jiki."

Lokacin tatsar yamma ne, kowa ya sani, Kawu ya fi kowa sani. Sai ya zabura. Damin mukullan ya maƙale a hannun ƙofar ɗakin janareta, ya fizge, igiyar ta tsinke, suka zube a ƙasa. Mutumin da bai taɓa barin wani ya riƙe masa su ba, ko waiwaye bai yi ba. Ya nufi ƙofar baya yana jan ƙafa yana ihu:

"Kada ki ba shi! 'Yar nan, kada ki ba shi! Zubar!"

Duƙau ya tsinci mukullan ya miƙa wa Uwarɗaki. Sai da ta gwada uku kafin ta dace da na ɗakin janareta. Mai Almakashi ya fito yana kare ido daga haske. 'Yan unguwa suka shiga kallon ƙasa, sai ka ce duk sun koyi sana'ar Duƙau.

"Jaririn fa?" in ji likita, tana tattara jakarta.

"Na tura Mai Taje tun ɗazu, na yamma bai sha ba," in ji Duƙau. "Na baya ne ban san iyakarsa ba."

Ba a jima ba Kawu ya dawo rungume da yaron, surukarsa na biye tana kuka. Ya zube a gaban 'yar yayar tasa.

"Rufin ne ya yi yoyo. Kin ce in gyara, na ce gobe, na ce jibi. Da buhunan suka jiƙe na ji kunya. Na ce in kika sani za ki ce na tsufa, ki karɓe mukullai. Na wanke, na shanya, wallahi na ɗauka ya tafi. Ragowar na ba akuya don kada a yi asara. Yau da na ga gawarwakin, tsoro ya kama ni, na ɗauko maganin ɓeran sito..."

"Kawu," in ji Uwarɗaki, "zomaye na iya yafewa. Amma ka tsaya kana kallo aka fasa wa bawan Allah baki?"

"Ku yi wannan daga baya," in ji likita. "A kai yaron asibiti yanzu a duba hantarsa. Wa ke da abin hawa?"

Motar gona ta tafi kai kaya tun jiya. Mai Kaji keke gare shi. Babur ɗaya ne a filin, yana jingine a bangon ɗakin bayan rumfa, kuma kowa ya san mai shi.

Mai Almakashi ya juya. Ya shiga ɗakinsu, aka ji shi yana cewa, "Inna, ni ne, yanzu zan dawo." Ya fito ya tura babur ɗin har gaban Kawu, ya buga shi ya tashi. Ya goge jinin leɓensa da bayan hannu.

"Ba wa uwarsa shi, ta hau," ya ce. "Ba don kai ba."

Kawu ya miƙa yaron. Babur ya fita ya kama hanyar asibiti, likita na biye a kan keken Mai Kaji. Can daga bakin titi aka fara jin jiniyar motar 'yan sanda.

Uwarɗaki ta dubi mukullan da ke hannunta, ta dubi kawunta da ke durƙushe.

"Baba Duƙau, in sun iso me zan ce musu?"

"Abin da ya faru. Ni dai sawu kika ce in nuna miki."

Uwarɗaki ta damƙe mukullan. Sannan ta wuce ta gaban Kawu, ta ɗauki tulun da aka kifar, ta cika shi a famfo, ta tsaya a bakin ƙofar tsohuwar. A wunin nan kaf, cikin mutanen gonar ita ce ta fara yin sallama kafin ta shiga.